Waƙafin Tallafin Karatu a Kwalejojin 'Yan Asalin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin mutanen da aka ɗora wa amanar kuɗin tallafin karatu a kwalejojin 'yan asalin Amurka: sabbin 'yan kwamitin amintattu, ma'aikatan ofishin kuɗi, masu niyyar ba da gudummawa, da su kansu ɗaliban. An fara da na share fage, sannan aka gangara zuwa masu sarƙaƙiya. Dokokin da aka ambata na Amurka ne, kuma kafin a sa hannu a kowace takarda sai an tuntuɓi lauyan da ya san dokar ƙabilar da abin ya shafa.

Waɗanne kwalejoji ne waɗannan, kuma su wa suka mallake su?

Makarantun gaba da sakandare ne da ƙabilun 'yan asalin ƙasar suka kafa da kansu, galibi a cikin yankunan da aka keɓe musu. Ta farko ita ce Navajo Community College, wadda aka kafa a 1968, yanzu kuma sunanta Diné College, tana Tsaile a jihar Arizona. A 1973 kwalejoji shida suka haɗu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwarsu mai suna AIHEC domin su riƙa magana da murya ɗaya a Washington. A yau sun kai kimanin 35, bakwai daga ciki a jihar Montana kaɗai.

Mafi yawansu gwamnatin ƙabila ce ta ba su takardar kafuwa, kuma a dokar Amurka ƙabila gwamnati ce mai ikon kanta. Akwai waɗanda suka fita daban: Haskell da ke Lawrence a Kansas da kwalejin fasaha ta SIPI da ke Albuquerque gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da su, Institute of American Indian Arts da ke Santa Fe kuwa majalisar dokokin tarayya ce ta ba ta takarda. Wannan bambanci yana da tasiri a kan kuɗi, kamar yadda za a gani a amsar da ta yi magana kan wace doka ke aiki.

Mene ne bambancin asusun waƙafi da sauran kuɗin tallafi?

Idan mutum ya ba kwaleji dala 10,000 ya ce a raba wa ɗalibai bana, an raba, an gama. Idan kuwa ya ce a ajiye, a juya, a riƙa ba da tallafi daga abin da kuɗin suka haifa, to waƙafi ne: uwar kuɗi ta zauna, ana cin amfaninta.

Iri uku ne, kuma haɗa su cikin kwando ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa a ƙananan ofisoshi. Akwai na dindindin, wanda mai bayarwa ne ya ɗaure shi har abada. Akwai mai wa'adi, wanda ɗaurinsa ke sakewa bayan wasu shekaru. Akwai kuma wanda kwamitin amintattu ne da kansa ya ware daga kuɗin kwaleji ya ce a ɗauke shi kamar waƙafi. Wannan na ukun kwamitin da ya ɗaure yana iya kwancewa da ƙuri'a. Na farkon ba ya iyawa, ko da duk 'yan kwamitin sun yarda.

Me ya sa waƙafin waɗannan kwalejoji ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da na sauran jami'o'i?

Waƙafin Harvard ya haura dala biliyan 50. Da yawa daga kwalejojin ƙabilu nasu bai wuce 'yan miliyoyi ba. Dalili na farko shekaru ne: jami'ar da ta yi ƙarni uku tana tara gadon attajiran tsofaffin ɗalibanta ba za a haɗa ta da wadda aka buɗe a 1970 da wani abu a cikin ajin aro ba. Waɗanda suka gama karatu a nan kuwa malaman firamare ne, ma'aikatan jinya ne, ma'aikatan ofishin ƙabila ne. Suna bayarwa, amma gwargwadon aljihunsu.

Dalili na biyu ya fi ciwo. Dokar Morrill ta 1862 ta raba wa jihohi filaye domin su sayar su kafa jami'o'i. Binciken da mujallar High Country News ta wallafa a 2020 ya nuna kusan eka miliyan 11 ne, an karɓe su daga ƙabilu kusan 250, jami'o'i 52 kuma suka amfana. Wato ƙasar kakannin waɗannan ɗalibai ce ta zama uwar kuɗin wasu makarantu. Wasu sun fara waiwaye: South Dakota State University ta ware kuɗin da take samu daga irin waɗannan filaye domin ɗalibai 'yan asali a shirinta na Wokini.

Sai kuma zaton da ake yi cewa gidajen caca sun azurta kowace ƙabila. Waɗanda ke kusa da manyan birane sun samu, kuma wasunsu suna bayarwa sosai, irin su Shakopee Mdewakanton da ke Minnesota. Amma yawancin kwalejojin suna can cikin ƙungurmin karkara, inda babu masu wucewa balle masu kashe kuɗi.

To daga ina kuɗin waƙafin suke fitowa?

Gwamnatin tarayya tana da ƙofofi uku. Dokar tallafa wa kwalejojin ƙabilu ta 1978, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, daga baya an ƙara mata sashen waƙafi, inda kwaleji ke tara nata gwamnati ta ɗora a kai. Dokar ilimi mai zurfi, a sashen da ake kira Title III, ta yarda kwaleji ta saka har kashi 20 cikin 100 na tallafin da ta samu a waƙafi, da sharaɗin ta kawo kwatankwacinsa daga wata hanya da ba ta tarayya ba. Ƙofa ta uku ita ce asusun 1994, wanda aka yi bayaninsa a amsa ta gaba.

Bayan gwamnati akwai American Indian College Fund, wadda aka kafa a 1989, ofishinta yana Denver, Cheryl Crazy Bull ta karɓi shugabancinta a 2012. Akwai Native Forward Scholars Fund da ke Albuquerque. Akwai kuma asusun Cobell, wanda ya samo asali daga ƙarar da Elouise Cobell, 'yar ƙabilar Blackfeet, ta shigar a 1996 kan yadda ma'aikatar harkokin cikin gida ta yi sakaci da kuɗin amanar 'yan asali. An sasanta a kan dala biliyan 3.4, aka ware har dala miliyan 60 domin tallafin karatu. Waɗannan ukun ba mallakar kwaleji ba ne. Ɗalibanta suna nema, amma ba ta rubuta su cikin dukiyarta.

Asusun 1994 da ake yawan ambata, kuɗin kwalejin ne?

A'a. A 1994 majalisa ta ba kwalejojin ƙabilu 29 matsayi irin na jami'o'in dokar Morrill, amma maimakon filaye sai ta buɗe musu asusu a baitulmalin Amurka. Uwar kuɗin tana can, babu kwalejin da ke iya taɓa ta. Ruwan da ta haifa ake rabawa kowace shekara ta hannun ma'aikatar noma: kashi 60 cikin 100 gwargwadon yawan ɗalibai 'yan asali, kashi 40 kuma daidai wa daida. Saboda haka ƙidayar ɗalibai ba aikin banza ba ne. Magatakardan da ya yi sakaci da tattara shaidar zama ɗan ƙabila ya rage wa makarantarsa rabo.

Nawa ya kamata a cire daga asusu a kowace shekara?

Abin da aka saba shi ne tsakanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Lissafin da ke bayansa mai sauƙi ne: idan ana sa ran kuɗin za su haifi kashi 7 a matsakaici, hauhawar farashi ta ci 2 ko 3, la'adar masu juyawa ta ci nata, abin da ya rage ke nan. Asusu mai dala 500,000 a kan kashi 4 zai ba da dala 20,000, wato ɗalibai goma kowa 2,000. Mai bayarwa ya kamata a faɗa masa wannan tun farko, don da yawa suna zaton rabin miliyan zai ɗauki aji guda.

Ba a yin lissafin a kan darajar asusu ta yau. Ana ɗaukar matsakaicin shekara uku, galibi daga rahotanni 12 na wata uku-uku. Misali: asusu ya kai dala miliyan 1 a shekarar farko, ya hau miliyan 1.1, sannan kasuwa ta faɗi ya koma 850,000. In aka bi darajar ranar, tallafi zai faɗo daga 44,000 zuwa 34,000 a shekara guda. In aka bi matsakaici, kimanin 39,000 za a raba. Wannan dala 5,000 da aka tsira da ita ɗalibai biyu ne ko uku da ba za a ce musu bana babu ba.

A rubuta ƙa'idar, kwamiti ya amince da ita, a daina sake tattauna ta duk lokacin da kasafi ya matse. Kason da ake yankewa bisa yanayin ran shugaban makaranta ba ƙa'ida ba ne.

Ɗalibai suna barin karatu yau saboda rashin kuɗin mai. Ina hikimar ɓoye miliyoyi domin waɗanda ba a haifa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma mai yin ta ba jahili ba ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwar da ta gama karatun jinya bana za ta riƙe gida shekara talatin, 'ya'yanta kuma za su taso suna ganin karatu abu ne mai yiwuwa. Babu hannun jarin da ke biyan irin wannan riba. Akwai ma waɗanda suka zaɓi wannan hanya da gangan: Native American Agriculture Fund, wanda aka kafa a 2018 da ragowar kuɗin shari'ar Keepseagle, ƙarar da manoma 'yan asali suka kai ma'aikatar noma kan nuna wariya, an tsara shi ne ya kashe duk abin da ke cikinsa cikin shekara 20.

Amma a dubi ɗaya gefen. Kaso mafi girma na kasafin waɗannan kwalejoji daga Washington yake zuwa, kuma kowace shekara sai an sake roƙo. A 2025 daftarin kasafin da fadar White House ta gabatar ya nemi zabge mafi yawan kuɗin da ake ba su. Makarantar da take da waƙafinta tana iya numfasawa a irin wannan shekara. Oglala Lakota College da ke Kyle, a yankin Pine Ridge, ta shafe shekaru tana tara nata a zamanin shugabancin Thomas Shortbull, a ɗaya daga cikin wuraren da suka fi talauci a Amurka.

A ganina kuskure ne a sa asusu guda ya ɗauki nauyin biyu. A riƙe waƙafi da ƙa'idarsa, a kuma buɗe asusun gaggawa daban wanda ake cikawa ana kashewa kowace shekara: gyaran mota, kuɗin wuta, kuɗin reno. Manomi ba ya dafa irin shukarsa, amma ba ya kuma barin yara da yunwa alhali akwai hatsi a rumbu, don haka tun ranar girbi yake raba su.

Kasuwa ta faɗi, asusun ya koma ƙasa da abin da aka bayar tun asali. Dole a tsayar da tallafi?

A da haka ne. Tsohuwar dokar kula da kuɗin waƙafi ta 1972 ta hana taɓa asalin adadin da aka bayar. Dokar UPMIFA ta 2006 da ta maye gurbinta, wadda duk jihohi suka karɓa ban da Pennsylvania, ta cire wannan shinge, ta ce a yi abin da mai hankali da kula zai yi. Ta jera abubuwa bakwai da za a duba: ɗorewar asusun, manufarsa da ta makarantar, yanayin tattalin arziki, hauhawa ko faɗuwar farashi, ribar da ake sa rai, sauran dukiyar makarantar, da tsarin zuba jarinta. Wasu jihohi sun ƙara da cewa cire sama da kashi 7 ana ɗaukar sa ganganci sai an kawo hujja.

A aikace, sabon asusu ne ya fi faɗa wa wannan rami, domin bai tara ribar da za ta kare shi ba. Wanda aka buɗe a 2007 ya gamu da faɗuwar 2008, wanda aka buɗe a 2021 ya gamu da ta 2022, shekarar da hannun jari da takardun lamuni suka faɗi tare, farashi kuma ya hau da kashi 9.1 a watan Yuni. Mafita mai kyau ita ce a rage kason, a cika wa ɗaliban da aka riga aka yi wa alkawari, a jinkirta ɗaukar sababbi, a kuma rubuta dalilin cikin bayanan taron kwamiti. Idan takardar mai bayarwa ta hana taɓa uwar kuɗi ƙarara, to takardar ce ke gaba da doka.

Wace doka ke aiki, ta jiha ko ta ƙabila?

Ya danganta da wanda ke riƙe da kuɗin. UPMIFA dokar jiha ce. Gidauniyar da kwaleji ta yi wa rajista a ƙarƙashin dokar jiha tana cikinta. Kwalejin da ƙabila ta kafa a kan ƙasarta kuwa ba lallai dokar jiha ta hau kanta kai tsaye ba, kuma tana iya samun irin kariyar da gwamnatin ƙabila ke da ita daga kai ƙara. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kwamiti ya rubuta cikin tsarinsa cewa zai bi mizanin UPMIFA bisa zaɓin kansa, ba tare da ya sarayar da ikon ƙabila ba. Manyan masu bayarwa hankalinsu yakan kwanta da haka. Kuɗin da suka shigo ta Title III kuma suna da nasu ɗaurin: shekara 20 ba a taɓa uwar kuɗi, ba a kuma kashe sama da rabin ribar da ta taru.

Me ya kamata takardar yarjejeniya da mai bayarwa ta ƙunsa?

A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, fiye da wajen zaɓen hannun jari. Ɗauki takarda irin wadda ake yawan gani: tallafi ga ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 25, mai cikakken karatu, mai matsakaicin maki 3.5 cikin 4, mai karanta injiniya. Niyyar mai kyau ce. Amma a dubi wadda ke zaune a ajin. Sau da yawa mace ce da ta haura talatin, tana da yara, tana aiki da rana, tana ɗaukar darasi biyu a zango domin shi ne abin da za ta iya, tana tuƙa tsohuwar mota mil 40 a kan hanyar da ƙanƙara ke rufewa. Yankin Pine Ridge ya haura eka miliyan 2, shi ya sa Oglala Lakota College ta buɗe cibiya a kowace gunduma tasa guda tara. Wannan ɗalibar ta faɗi aƙalla sharaɗi biyu cikin huɗu kafin a buɗe takardar nemanta. Kuɗin sai su zauna a banki shekara da shekaru, ita kuma ta ajiye karatu saboda taya biyu.

Saboda haka a roƙi mai bayarwa ya rubuta “an fi son” a maimakon “dole ne”. A yarda da masu karatun rabin lokaci. A bayyana cewa tallafin ya shafi duk abin da zaman karatu ke ci, har da sufuri, haya da renon yara. A rubuta cewa kason kashewa zai bi tsarin kwaleji na lokacin, a faɗi la'adar gudanarwa, a faɗi abin da za a yi idan aka soke fannin da aka ambata. A kuma sa mafi ƙarancin adadin da ake buɗe asusu mai suna da shi, da wa'adin cika shi, domin asusun dala 3,000 wahalar lissafinsa ta fi amfaninsa.

Abu ɗaya da ba a sassautawa: mai bayarwa ba ya zaɓen wanda zai ci tallafin. In ya zaɓa, ta zama kyauta tsakanin mutum da mutum, kuma rangwamen harajinsa ya shiga haɗari.

Mun gaji tsohon asusu da sharuɗɗansa ba sa cikuwa. Ana iya canza su?

In mai bayarwa yana raye, a je a same shi, ya sa hannu a takardar gyara. Yawancinsu sukan yarda da zarar sun ji shekara nawa kuɗin suka yi ba wanda ya ci. In ya rasu, 'ya'yansa ba su da ikon canzawa sai in takardar ta ba su. Sai kotu, wadda za ta karkata asusun zuwa manufa mafi kusa da ta asali, tare da sanar da antoni-janar na jiha. Ga ƙananan tsofaffin asusu akwai gajeriyar hanya: a ainihin rubutun UPMIFA, wanda bai kai dala 25,000 ba kuma ya haura shekara 20, makaranta na iya gyara shi da kanta bayan sanarwar kwana 60. Jihohi da dama sun ɗaga adadin, sai a duba ta wurin.

Ya halatta a keɓe tallafi ga 'yan ƙabila kaɗai, bayan hukuncin kotun ƙoli na 2023?

Hukuncin da ya shafi Harvard a 2023 ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Amma tun 1974, a shari'ar Morton da Mancari, kotun ta ce fifita ɗan ƙabilar da gwamnatin tarayya ta amince da ita batu ne na zama ɗan wata gwamnati, ba na jinsi ba. Irin waɗannan ƙabilu sun haura 570. Saboda haka kalmomin da aka zaɓa suna da muhimmanci: “mai rajista a ƙabilar da aka amince da ita” ya fi tsayuwa a gaban doka fiye da “mai jinin 'yan asali”.

Sai dai wannan yana barin wasu a waje: jikokin da jininsu bai kai ma'aunin rajistar ƙabilarsu ba, da ɗaliban da ba 'yan asali ba, waɗanda dokar 1978 ba ta biyan ko sisi a kansu, ko da yake jihohi irin su Montana da Dakota ta Arewa suna ɗan taimakawa. Kwaleji mai hangen nesa takan nemi aƙalla asusu guda wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowane ɗalibinta.

Wa zai juya kuɗin, kuma nawa ya kamata a biya shi?

Ƙaramin asusu ba ya buƙatar dabarun manyan jami'o'i irin su Yale. Cakuɗen hannun jari da takardun lamuni a cikin asusu masu arha da ke bin kasuwa gaba ɗayanta ya wadatar. Wasu kwalejoji suna ɗaukar mai ba da shawara, wasu suna ajiyewa a gidauniyar al'umma. In za a yi na biyun, a karanta takardar da kyau, domin a mafi yawan lokuta mallakar kuɗin a shari'ance tana komawa hannun gidauniyar.

A tambayi jimlar la'ada da dala, ba da kaso ba. A asusu mai dala miliyan 2, kashi 1.5 dala 30,000 ne a shekara, kashi 0.4 kuwa 8,000. Tsakaninsu akwai tallafin ɗalibai 11 a kan 2,000 kowanne. A kuma nemi mai juya kuɗin ya rubuta cewa shi amintacce ne a shari'ance, maslahar kwaleji ce gaba da tasa. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan, a sallame shi.

Za mu iya ƙin saka kuɗi a kamfanonin da ke cutar da ƙasarmu?

Tambayar ta ƙara ƙarfi tun zanga-zangar Standing Rock ta 2016 kan bututun mai na Dakota Access, a yankin da Sitting Bull College take. Ana iyawa, domin manufar makaranta tana cikin abubuwan da doka ta ce a duba. A rubuta shi cikin tsarin zuba jari, a tambayi abin da zai ci na riba da la'ada, a yanke da ido a buɗe. Wasu kuma sukan ajiye wani ɗan kaso a bankunan 'yan asali, irin su Native American Bank da ke Denver, wanda ya tsiro daga bankin Blackfeet da Elouise Cobell ta taimaka aka kafa.

Tallafin waƙafi yana rage wa ɗalibi sauran kuɗin da yake samu? Ana biyan haraji a kansa?

Tallafin Pell na gwamnatin tarayya ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda ƙololuwarsa ta kai dala 7,395 a 'yan shekarun nan, galibi ba ya raguwa saboda ɗalibi ya samu wani. Amma sauran taimako yana da rufi, wato jimlar abin da kwaleji ta ƙiyasta zaman karatu zai ci. In ƙiyasin ya tsufa, bai san farashin mai da haya na yanzu ba, sai a ga ɗalibi ya “cika” a takarda alhali aljihunsa wayam. Gyara wannan ƙiyasi aikin ofishin tallafi ne. Yawancin kwalejojin ƙabilu ba sa shiga tsarin rancen ɗalibai na tarayya, don haka abin da tallafi bai rufe ba daga aljihun iyali yake fita.

Ta fuskar haraji, abin da aka kashe kan kuɗin makaranta, littattafai da kayan aikin da darasi ya wajabta ba a biya masa. Na abinci da masauki yana cikin kuɗin shiga. Taimakon da ya fito daga shirin gwamnatin ƙabila kuwa yana iya samun kariyar dokar 2014 ta jin daɗin al'ummar ƙabilu.

Mun samu babbar kyauta marar sharaɗi. Mu mai da ita waƙafi?

Hakan ta faru a 2020, lokacin da attajira MacKenzie Scott ta ba kwalejojin ƙabilu da dama kyauta ba tare da gindaya komai ba, ciki har da dala miliyan 12 ga Navajo Technical University. In kwamiti ya ware wani kaso, ya shiga iri na uku da aka bayyana a amsa ta biyu, wanda ake iya kwancewa. Wannan alheri ne da bai kamata a yar ba. A sa masa ƙofa mai nauyi, misali ƙuri'ar biyu bisa uku a zama biyu daban-daban, amma kada a sanar da jama'a cewa an ɗaure shi har abada.

Yaya za a kauce wa zargin son kai, alhali kowa ɗan'uwan kowa ne?

A ƙaramar al'umma ba za a samu ɗan kwamitin zaɓe da ba shi da ɗan ƙane ko 'yar ƙanwa cikin masu nema ba. Hana dangi nema zalunci ne. Abin yi shi ne a rubuta ma'aunin maki kafin a buɗe takardu, a cire sunaye, mai alaƙa ya bayyana ya fita daga ɗakin, a kuma rubuta cewa ya fita. Haka nan a raba asusun da siyasar majalisar ƙabila: wa'adin 'yan kwamiti ya riƙa ƙarewa a shekaru mabambanta, don kada zaɓe guda ya share su duka, kuma a haramta ba kowa rance daga waƙafi, ko da gwamnatin ƙabila ce ko ita kanta kwalejin a watan da albashi ya makara.

Mutanen da suka ga abin da shari'ar Cobell ta tono ba sa karɓar “ku yarda da mu” a matsayin amsa. Rahoton shafi guda a shekara, mai nuna darajar asusu, abin da ya haifa, la'adar da aka biya da yawan waɗanda suka amfana, a manna shi inda kowa zai gani.

In kwalejin ta rasa izinin ba da shaida ko ta rufe, ina kuɗin za su?

Ba tatsuniya ba ce: D-Q University da ke kusa da Davis a California ta rasa izininta a 2005. Kuɗin da mai bayarwa ya ɗaure ba na biyan bashin makaranta ba ne, amma kare su yana buƙatar littafin da ya nuna kowane asusu daban, da takardarsa ta asali a ajiye. In an cakuɗa su da kuɗin yau da kullum, rabewa sai kotu. Tun ranar rubuta yarjejeniya, a ambaci wanda zai gaji asusun: wata kwalejin ƙabila, ko sashen ilimi na ƙabilar, ko American Indian College Fund, da sharaɗin a ci gaba da bai wa ɗaliban yankin. Kason da ya fito daga tarayya kuwa yana bin ƙa'idar shirin da ya kawo shi, kuma ana iya neman a mayar da shi in wa'adinsa bai cika ba.